Daga Masaƙun Lankasha Zuwa Kanal ɗin Bakolori: Wa Ke Biyan Ɗan Ƙwallo?

 

Wakilan iyayenmu sarakuna na Mafara da Bakura da Maradun, Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana. Malamaina, shugabannin manoma, masu horar da 'yan wasa, da ku samarin da kuka cika bayan zauren nan, sannunku da zuwa.

An nemi in yi bayani a kan yadda aka fara kafa ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na masu cin abinci da ƙwallo, wato waɗanda wasan ya zame musu sana'a. Na san a cikin dattawan da ke zaune gaba akwai mai cewa a zuci: mu da ke fama da ruwan kanal da tsadar taki da 'yan bindiga, ina ruwanmu da tamaula? Baba, tambayarka tana kan hanya. Sai dai in aka bi tarihin nan a tsanake, za a tarar labarin auduga ne da masaƙa da jirgin ƙasa. A ƙarƙashinsa kuma akwai tambayar da kowane mai sana'a ya sani: daga aljihun wa kuɗin ke fitowa?

A 1863 aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wato FA, a birnin Landan. Waɗanda suka riƙe wasan a farko 'ya'yan masu hali ne, tsofaffin ɗaliban manyan makarantu irin su Eton da Harrow, da lauyoyi da hafsoshin soja. A wurinsu ƙwallo motsa jini ne na wanda ya ƙoshi, karɓar kuɗi a kansa kuwa zubar da girma ne. Da aka fara gasar kofin FA a 1871, sau goma sha ɗaya a jere kofin yana zagayawa a tsakanin ƙungiyoyinsu na kudancin ƙasar.

Can arewa maso yammacin Ingila kuwa akwai lardin Lankasha, ƙasar masaƙu. Garuruwa ne irin su Blackburn da Darwen da Preston da Bolton da Burnley, kowanne cike da dogayen bututun hayaƙi. Tun da asuba maza da mata har da yara ke ɗunguma zuwa bakin injin, ba su fitowa sai duhu. A 1850 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ce ranar Asabar a tashi ma'aikatan masaƙa da ƙarfe biyu na rana. Ku samari masu zuwa gidan kallo, wannan dokar tana cikin dalilan da suka sa har yau wasannin Asabar a Ingila suke farawa da ƙarfe uku agogonsu. Mutum ya fito daga aiki, ya wanke fuska, ya sa wani abu a ciki, ya nufi fili. Kuma ranar ce, ko jajiberinta, ake biyan albashin mako. Ga dubban mutane a gari ɗaya, an sake su a sa'a ɗaya, kowa da 'yan kwabbai a aljihu. Abin da ya rage kawai shi ne wani ya kewaye fili, ya bar ƙofa guda, ya ajiye mai karɓar kuɗi. Da aka yi haka, sai wasan yara ya zama kasuwa.

Bari in tsaya kaɗan a Darwen, don nan ne abin ya fara fitowa fili. A 1879 ƙungiyar wannan ƙaramin gari, wadda yawancin 'yan wasanta ma'aikatan masaƙa ne, ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a kofin FA. Aka haɗa ta da Old Etonians, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Eton, a Landan. Ana saura kamar minti goma sha biyar a tashi, an ci Darwen biyar tana da ɗaya. Kafin alƙali ya hura usur ta farke duka, aka tashi biyar da biyar. 'Yan Darwen suka nemi a yi ƙarin lokaci, 'ya'yan manya suka ƙi, suka ce a sake wasa wata rana, kuma a Landan. To ina ma'aikacin masaƙa zai samo kuɗin jirgin ƙasa, ga asarar ladan kwanakin da bai je aiki ba? Sai mutanen gari suka yi karo-karo. Aka koma, aka tashi biyu da biyu. Aka sake yin karo-karo, aka koma a karo na uku, gajiya ta ci ƙarfinsu aka ci su shida da biyu. Sun sha kashi, amma ku lura da wanda ya biya kuɗin tafiyar. Ba hukuma ba ce. Masu saƙa ne da masu kanti suka tara kwabo-kwabo, saboda sunan garinsu ne a kan layi.

A cikin 'yan wasan Darwen na wannan lokacin akwai mutum biyu da suka zo daga Sikotlan, Fergus Suter da Jimmy Love. Suter magini ne, mai sassaƙar dutse. Bai daɗe a Darwen ba ya ajiye guduma, amma ba a ga ya rame ba. Kowa ya san inda tuwonsa ke fitowa, ba mai faɗa dai, tunda doka ta hana. Shi ya sa ake lissafa shi cikin mutanen farko da suka mayar da ƙwallo sana'a. A 1880 Blackburn Rovers ta janye shi, kuma kun san ba da fatar baki ba.

A 1883 aka karya lagon 'ya'yan manya. Blackburn Olympic, ƙungiyar da ke da masu saƙa da mai aikin famfo da ma'aikacin maƙera a cikinta, ta doke Old Etonians ɗin nan da ci biyu da ɗaya a wasan ƙarshe. Wani mai masana'antar narka ƙarfe, Sydney Yates, shi ne ke ɗaukar nauyinta, kuma kafin wasan an kai 'yan wasan bakin teku a Blackpool sun yi kwanaki suna atisaye, abin da ba a saba gani ba. Tun daga ranar har yau ƙungiyar 'yan sha'awa ba ta sake ɗaukar kofin ba.

Wanda ya fasa ƙwan shi ne William Sudell, manajan wata masaƙa a Preston kuma jagoran Preston North End. Yakan kwaso 'yan wasa daga Sikotlan, ya sama musu aiki na jeka-na-yi-ka, ya riƙa biyansu. A 1884 wata ƙungiyar Landan, Upton Park, ta kai ƙara. Da aka kira Sudell bai yi musu ba, ya ce ai kowa ma haka yake yi. Aka kori Preston daga gasar. Ƙungiyoyin arewa suka yi barazanar ɓallewa su kafa tasu hukumar, dole hukumar Landan ta sauko, a watan Yulin 1885 ta halatta biyan 'yan wasa. Shi kuwa Sudell ƙarshensa bai yi kyau ba. A 1895 kotu ta ɗaure shi shekara uku saboda ɗibar kuɗin masaƙar da yake wa aiki. Masu riƙe da asusun ƙungiyoyinmu na unguwa, ku ji da kyau, wannan cutar tsohuwa ce.

Halatta albashi ya haifar da wata matsalar. Ɗan wasa yana jiran kuɗinsa kowane mako, ko an yi wasa ko ba a yi ba. Wasannin sada zumunta kuwa ba su da tabbas, sai an tara jama'a abokan karawa su aiko cewa ba za su samu zuwa ba. William McGregor, wani mai shagon tufafi a Birmingham kuma jigo a Aston Villa, shi ya kawo shawarar manyan ƙungiyoyi su tsara jadawali tun farkon kaka, kowace ta je gidan kowace. Haka aka kafa gasar lig ta farko a duniya a 1888, da ƙungiyoyi goma sha biyu. Shida daga Lankasha, shida daga yankin masana'antu na tsakiyar Ingila. Ko ɗaya babu daga Landan. Preston ta cinye kakar farko ba a doke ta ko sau ɗaya ba a wasa 22, ta haɗa da kofin FA ba tare da an jefa mata ƙwallo a raga ba. Ba a jima ba aka tsayar da mafi ƙarancin kuɗin shiga kallo a kan sisi. Dattawa sun san sisi. A kan wannan sisin aka gina duk abin da kuke gani a talabijin yau.

Manyan sunayen da kuke rantsuwa da su ma daga bakin aiki suka fito. Manchester United ta fara ne a 1878 da sunan Newton Heath, ƙungiyar ma'aikatan sashen taragu na wani kamfanin jirgin ƙasa. Arsenal ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich suka kafa ta a 1886. West Ham ta fito daga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Thames Ironworks a 1895. Amma abin lura shi ne dukansu ba su daɗe ba suka fita daga hannun uban gida, suka koma kamfanoni masu cin gashin kansu, masu dogaro da ƙofa da hannun jarin mutanen gari. Masaƙun Lankasha sun mutu tun a ƙarnin da ya wuce, an rushe wasu, an mai da wasu rumbunan ajiya, amma Burnley da Preston da Bolton da Blackburn Rovers suna nan suna wasa. Blackburn Olympic fa, mai kofin 1883? Ba a sa ta cikin lig ba, 'yan kallo suka koma wajen Rovers, aljihun mutum ɗaya ya kasa, a 1889 ta rufe. Shekara shida kacal bayan ɗaukar kofi.

To mu dawo gida, kuma auduga ce za ta kawo mu. A 1902 masu masaƙun Lankasha suka kafa kamfanin BCGA a Manchester don nemo auduga daga ƙasashen da Ingila ta mallaka. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, aka kafa injinan gurza a kan hanyar. Wato audugar da kakanninmu suka tsinta a ƙasar Zamfara tana cikin wadda ta riƙa tafiya waɗancan masaƙu, tana shiga albashin waɗanda ke biyan sisi a ƙofar fili. Ba a taɓa aiko mana da tikiti ba, amma da guminmu a ciki.

A Najeriya ma wurin aiki ne ya fara haifar da manyan ƙungiyoyi, sai dai nan babban mai ɗaukar ma'aikata gwamnatin Turawa ce. Da aka fara gasar Kofin Gwamna a 1945, ƙungiyar Marine ta ma'aikatan jiragen ruwa ce ta ɗauka, daga nan Railway ta Legas ta mamaye shekarun da suka biyo. Tawagar Najeriya da ta ziyarci Ingila a 1949, wadda mafi yawan 'yan wasanta suka buga ba takalmi, kyaftin ɗinta Etim Henshaw ɗan Marine ne, Teslim Balogun da ake kira Thunder kuma ɗan Railway. A 1953 Kano ta doke Lagos Dynamos da ci biyu da ɗaya, ta zama ta farko da ta fitar da kofin daga Legas. Ba abin mamaki ba ne a ce Kano ce, garin dalar gyaɗa da tashar jirgi da kantunan Turawa da Kwarori. Haka Jos, ƙasar haƙar kuza, wadda ta tara ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar nan. Da aka fara gasar lig ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta ɗauka, ƙungiyar da Alhaji Isyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta, mai 'yan wasa irin su Sam Garba Okoye da Ismaila Mabo.

A Kano sunan ƙungiyar Raccah Rovers ya fito ne daga gidan kasuwancin da ya yi ƙarfi a cinikin gyaɗa. Raccah Rovers ta zama zakaran Najeriya a 1978. A watan Afrilun wannan shekarar ta kara da Fluminense ta Burazil a Kaduna, kuma Pele da kansa ya sa rigar Fluminense ya shiga fili. Ku samari ku tambayi iyayenku, ƙungiyar Kano ta taɓa tsayawa gaban Pele.

Amma in ana neman Lankashar Arewa, Kakuri ce a Kaduna. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta buɗe masaƙar KTL, kuma abokin haɗin gwiwarta kamfanin David Whitehead ne, daga Lankasha ɗin dai. Sai Arewa Textiles da UNTL da sauransu suka biyo baya, har aka wayi gari in an tashi aiki kekuna sun toshe titi. A shekarun 1960 mu ma Gusau ta samu tata masaƙar, Zamtex. Ƙungiyar ƙwallon UNTL ita ta fito da Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, gwarzon ɗan wasan Afirka na 1993, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994. Masana'antar ƙera makamai ta soja da ke Kakuri tana da DIC Bees, ka ce Arsenal ce aka sake haifa a Kaduna. Ita ce daga baya ta koma hannun Alhaji Muktar Aruwa ta zama Ranchers Bees, ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, ta ɗauki kofin Afirka ta Yamma a 1989, ta kuma fito da Daniel Amokachi. A Gboko kamfanin siminti na Binuwai ya riƙe BCC Lions, wadda ta ɗauko kofin Afirka a 1990 a ƙarƙashin Shaibu Amodu.

A duk wannan zamani, a takarda 'yan wasanmu ba ƙwararru ba ne. Za ka ga sunan mutum a jerin ma'aikata a matsayin akawu ko mai kula da sito, alhali in ka neme shi a sito ba ka samunsa, yana fili. Dabarar Sudell ce sak, bayan shekara ɗari. Sai a 1990 aka ƙaddamar da gasar ƙwararru a hukumance. A shekarar ne aka narkar da WRECA, ƙungiyar ma'aikatar ruwa ta Kano, da Golden Stars da Bank of the North aka samar da Kano Pillars.

Ga inda hanyarmu ta rabu da ta Lankasha, kuma wannan shi ne abin da ya kawo ni. Can, kamfani ya haifi ƙungiya, ta yi wayo, aka yaye ta, mutanen gari suka karɓi renonta. Nan ba a taɓa yaye ta ba. Albashi daga kamfani, motar tafiya daga kamfani, riga da takalmi daga kamfani. Kuɗin ƙofa kuwa, in ma an karɓa, ba shi ne ke riƙe da ƙungiyar ba, kuma sau da yawa ba a san inda ya shige ba. Saboda haka da tattalin arziki ya juya baya, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, abin da manaja ya fara yankewa shi ne ƙwallo. Ban ga laifinsa ba. Wanda ya kasa biyan mai saƙa ba zai biya mai tsaron gida ba. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta Kaduna ta bi ta a 2007, Zamtex ma injinanta suka yi shiru. Raccah Rovers tun kafin 1990 sunanta ya ɓace daga babbar gasa. A kudu ma haka Leventis United da Abiola Babes suka watse a ƙarshen shekarun 1980, suna tsakiyar tashensu, saboda masu su sun janye hannu. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Da kamfanoni suka janye sai gwamnatocin jihohi suka ɗauka, muka sauya uban gida kawai. Pillars ta ɗauki gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma duk wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar wasanta ya san Kanawa suna son abarsu. Duk da haka numfashinta yana hannun baitulmalin jiha. Mu nan, bayan an ƙirƙiro Zamfara a 1996, Zamfara United ta hau babbar gasar ƙasa a shekarun 2000, ta yi 'yan shekaru ta sauko. Ƙungiyar da ke jiran sa hannun gwamna, in gwamna mai son ƙwallo ne ta yi ƙiba, in aka yi zaɓe wani ya zo ta rame. A ganina wannan ba ƙwarewa ba ce, aikin gwamnati ne da gajeren wando.

Yanzu Bakolori. A 1978 aka kammala madatsar nan a kan kogin Sakkwato, da niyyar shayar da hekta 23,000. Kamfanin da ya gina ta, Impresit, reshe ne na Fiat ta Italiya, kuma iyalan Agnelli masu Fiat su ke riƙe da Juventus tun 1923. Masu goyon bayan Juventus a zauren nan, ashe da dangantaka. Lokacin aikin an tara ɗimbin leburori da direbobi da makanikai, albashi ya zagaya a Mafara yadda ba a taɓa gani ba. Amma albashin ɗan kwangila na ɗan lokaci ne, aiki ya ƙare kowa ya kama gabansa. Abin da ya zauna a zukatan mutane wani abu ne dabam: gonakin da ruwa ya cinye a ƙasar Maradun, tashin garuruwa, jiran diyya, da abin da ya faru a watan Afrilun 1980 lokacin da manoma suka tare hanyoyi aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta faɗi adadin waɗanda suka rasu, mutanen ƙauyuka suka faɗi nasu, kuma tazarar da ke tsakani mai yawa ce. Allah ya jiƙansu da rahama. Daga baya ɓangaren ban-ruwa na feshi, wanda shi ne mafi girma, ya tsaya saboda yana buƙatar wuta da gyaran da ba a samu ba. Aikin da ya fara da irin wannan rauni ba ya saurin zama abin da jama'a za su sa rigarsa su yi masa kirari. Har yau babu ƙungiyar Mafara ko Bakura ko Maradun da ta taɓa ɗaukar kofin ƙasa.

Amma ina roƙonku ku dubi abin da ke hannu. Ba mu da masaƙa, gaskiya ne. Muna da dubban manoman shinkafa da masara da kayan lambu a kan kanal ɗaya, masu shuka lokaci ɗaya, masu girbi lokaci ɗaya, kuɗi ya shigo musu lokaci ɗaya, kuma saboda noman rani ba sau ɗaya a shekara ba. Muna da masu injin casa, da dillalan shinkafa, da masu sayar da taki da magani, da direbobin da ke lodi. Muna da kasuwar Talata da ke tara mutanen ƙananan hukumomi uku da na nesa. Tun da aka shiga gyaran aikin a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya, an ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, masu rajista da shugabanni da asusu, waɗanda suka saba karɓar kuɗi daga manomi suna rubutawa. Ga kwalejin Abdu Gusau a nan Mafara, ga ta aikin gona a Bakura, cike da matasa.

Kada kuma wani ya ce biyan kuɗi don kallon wasa baƙon abu ne a wurinmu. Tun kafin mu san Arsenal, in kaka ta yi aka kai amfani gida, ana kafa dandalin dambe da kokawa. Daga baya aka riƙa kewaye gidan dambe ana karɓar kuɗi a ƙofa, ɗan dambe yana samun rabonsa, ga kyautar masu kuɗi, ga makaɗi yana nasa. Shago da Ɗan Anace ya yi wa waƙa bai jira kasafin kuɗin gwamnati ba kafin sunansa ya zagaye ƙasar Hausa. Jama'a ne suka riƙe shi, don suna ganin abin da suka biya.

Yau ma ana biya. Ku bi ta kowace unguwa ranar Asabar da yamma. Ga baƙin allo a jingine a ƙofar rumfar kwano, an rubuta wasannin ranar da alli, kowanne da lokacinsa. Janareto na ruri a baya, yaro na tsaye a bakin labule da canji a hannu, ciki benci ya cika har wasu na tsugune a ƙasa, zufa na zuba, wani ya ɗaga rigarsa yana fifita. Ba wanda ya shiga kyauta. Wannan kuɗin ƙofa ne, irin wanda ya gina Preston. Bambancin kawai, namu yana ƙarewa a man janareto da kuɗin DStv. A daidai lokacin, a filin makarantar firamare, yaranmu na buga wasan unguwa da unguwa, jama'a sun yi da'ira suna kallo, babura na ratsa gefen fili, in an tashi mai horarwa ya sayi ruwan leda da kuɗin aljihunsa.

Ba ina cewa gobe za mu fitar da ƙungiyar da za ta kara da Pillars ba. Kuma ba na mantawa da halin tsaro. Akwai hanyoyin da ba mai hankalin da zai ɗauki yara a mota ya bi su bayan la'asar, kuma duk jadawalin da bai yi la'akari da wannan ba, takarda ce kawai. A fara da inda ake iya zuwa a dawo da rana. Abin da nake cewa shi ne a bi tsarin yadda ya faro a inda ya yi ƙarko. Fili ɗaya mai katanga da ƙofa a kowane babban gari, ko da katangar ta kwano ce. Jadawali tsayayye wanda Rini da Birnin Tudu da 'Yar Kofoji da Morai da Gora da Janbaƙo za su san ranar wasansu tun wata biyu kafin ta zo, a fara bayan sallar la'asar a tashi kafin magariba. Kuɗin shiga kaɗan, wanda bai fi na gidan kallo ba, a ƙirga shi a gaban wakilan ƙungiyoyin biyu, a rubuta, a karanta wa jama'a. In mai injin casa ya ba da riguna, a sa sunan injinsa a ƙirji, ya ci tallarsa, amma kada ƙungiya ta zama tasa shi kaɗai. In ɗan siyasa ya kawo kofi a karɓa a gode, amma kada gasa ta zama sai shekarar zaɓe. Cacar ƙwallo ta waya da ta fara cin yaranmu kuwa, a nisanta ta da filin tun ranar farko, kuma a nan muna buƙatar bakin malamai.

Ɗan wasan da aka ba ko kuɗin sabulu ne bayan kowane wasa, daga kuɗin da 'yan garinsu suka biya da hannunsu, ya fi kusa da zama ƙwararre a kan wanda aka yi wa alkawarin albashin gwamnati yana bin bashin wata shida.

Saboda haka roƙona yana ga shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da shugabannin 'yan kasuwar shinkafa da ke zaune a nan gaba. In kun zauna taronku na bayan girbi, bayan an gama maganar yashe kanal da kuɗin ruwa, ku sa maganar kewaye fili ɗaya a cikin abin da za a tattauna, ku kira masu horar da yaran nan ku ji ta bakinsu. Iyayenmu sarakuna kuma muna roƙon a taimaka da filin da ba za a wayi gari an yanka shi fuloti ba.

 Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina da rani masu albarka.